Biri Ya Yi Kama da Mutum: Ina Iyakar Ikon Ɗan Adam a Kansa?

Idan Bahaushe ya ga alamar da ta soma gaskata zargin da ake yi, sai ya ce biri ya yi kama da mutum. Ba birin ne a ransa ba, salon magana ne kawai. Amma akwai waɗansu mutane a duniya da suka ɗauki wannan zance a zahirinsa, har suka gina aikin rayuwarsu a kansa, wato masu binciken ƙwaƙwalwa. A wurinsu, kamannin da ke tsakanin biri da mutum shi ne dalilin da ya sa suke buɗe ƙoƙon kan biri, su zura masa zaren gilashi, su haska wuta a cikin ƙwaƙwalwarsa, domin su gane abin da ba su da izinin gwadawa a kan ɗan Adam.

Mai karatu a Jalingo yana iya cewa, ina ruwan biri da gada? Aikin nan a manyan jami'o'in Amurka da Turai da Sin da Japan ake yinsa, biran da ake amfani da su kuwa ba daga dazuzzukan Taraba aka kamo su ba. Haka ne. Sai dai tambayar da aikin ya tayar ta shafi kowane gidan Kirista, gama tambaya ce a kan abin da Allah ya halatta wa mutum ya yi da halittar da ba ta da bakin kai ƙara. Ta kuma fi shafar mutanen jihar da ta fi yawancin jihohin ƙasar nan arzikin birai. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ake yi tukuna, domin hukuncin da aka yanke a kan jita-jita ba ya daɗewa.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, iri-iri, a cakuɗe da juna, kowace tana aika saƙo da ɗan ƙaramin motsin lantarki. Tun ƙarni na 19 masana suka san cewa in aka taɓa wani sashe na ƙwaƙwalwa da lantarki, hannu ko ƙafa za su motsa. Matsalar lantarki ita ce ba ya zaɓe. Kamar mai shela ne a tsakiyar kasuwa, wanda aka nufa da wanda ba a nufa ba duk sun ji. Abin da masana suka daɗe suna nema shi ne hanyar kiran iri ɗaya na ƙwayoyin nan, a bar maƙwabtansu suna harkarsu.

Amsar ta fito daga inda ba a zata ba, daga gansakukar da ke kan ruwa. Akwai wata irinta mai ƙwaya ɗaya tak, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita, tana iyo zuwa wajen haske. A shekarun 2002 da 2003 waɗansu masana a Jamus, Georg Nagel da Peter Hegemann da Ernst Bamberg, suka nuna cewa a jikinta akwai wani furotin da ke aiki kamar ƙofa: shuɗin haske yana sauka a kansa sai ya buɗe, lantarki ya gudana. A 2005 kuma, a Jami'ar Stanford ta Amurka, Edward Boyden da Feng Zhang da Karl Deisseroth, tare da Nagel da Bamberg, suka dasa ƙwayar gadon wannan furotin a cikin ƙwayoyin jijiyar ɓera. Suka haska, ƙwayoyin suka amsa nan take. Suka kashe hasken, ƙwayoyin suka yi shiru. Wannan dabara ita ake kira oftojenetik. Cikin 'yan shekaru aka yi abubuwan ban mamaki da ita a kan ɓeraye. A 2011 aka haska wani ɗan lungu a ƙwaƙwalwar ɓera, ya auka wa safar hannu ta roba da cizo kamar ya ga abokin gaba. A 2013 aka sa ɓera ya ji tsoron wani akwati da ba a taɓa yi masa kome a cikinsa ba.

Amma ɓera ɓera ne. Ƙwaƙwalwarsa ba ta kai rabin giram ba, ya fi dogara ga hanci da gashin baki, idonsa kuwa ba irin na mutum ba ne. Wanda yake neman maganin makanta, ko ciwon karkarwa, ko cutar da ke taɓa tunani da zaɓi, dole ya nemi dabbar da take gani kamar mutum, take kama abu da yatsu kamar mutum. Nan ne biri ya shigo. A 2009 Xue Han da abokan aikinta a cibiyar MIT suka nuna a karo na fari cewa dabarar tana aiki a ƙwaƙwalwar birin Asiya da ake kira makak. Aikin ya zo da wuya ƙwarai. Ƙwaƙwalwar wannan biri ta ninka ta ɓera wajen sau ɗari biyu a nauyi, shuɗin haske kuwa ba ya ratsa nama da nisa, in aka ƙara masa ƙarfi kuma sai ya ɗumama wurin ya yi ɓarna. Sai a 2012 aka soma ganin hasken yana canza abin da birin yake yi a zahiri. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Washington, an haska sashen gani na ƙwaƙwalwa, sai birin ya juya idonsa zuwa wurin da babu kome, kamar ya ga ƙyallin wani abu. Daga nan masana suka shiga neman furotin mai amsa jan haske, wanda ya fi shiga ciki, da fitilu ƙanana da za a shimfiɗa a kan ƙwaƙwalwa ba tare da an huda ta sau da yawa ba.

Ga abin da birin yake gani a nasa ɓangaren, gama rahotannin nasara ba su cika tsayawa a nan ba. Akan sa shi barci da magani, a yi masa tiyata, a kafa masa wani ƙarfe a ka wanda za a riƙa ɗaure kansa da shi don kada ya motsa. Akan buɗe taga a ƙoƙon kan, a sa mata murfi. Ta wannan taga ake yi masa allurar wata ƙwayar bairos da aka raba da dafinta, wadda take ɗauke da gadon gansakukar zuwa cikin jijiyoyi. Sai a jira makonni kafin furotin ya tsiro. Bayan haka, kusan kowace ranar aiki, birin yana zaune a wata kujera ta musamman na sa'o'i, kansa a kafe, yana duban allo. In ya yi abin da ake so, a ɗiga masa ruwa ko ruwan 'ya'yan itace a baki. A ɗakunan bincike da yawa akan taƙaita masa ruwan sha a kejinsa domin ya zo aiki da ƙishi. Ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin zafin huda, wannan gaskiya ne, ana kuma ba shi maganin kashe zafi bayan tiyata. Amma dabba ce da aka halitta domin ta yi tsalle a kan itatuwa cikin garke, ga ta tana cin shekaru tsakanin keji da kujera. A ƙarshe, sau da yawa, akan kashe shi da allura domin a yanka ƙwaƙwalwar a ga inda furotin ya kai.

To, me aka samu? A 2021 José-Alain Sahel da Botond Roska suka ba da labarin wani mutum mai shekara 58 a Faransa, wanda wata cutar gado ta tantanin ido ta makantar. Cutar takan soma kamar dundumi, ta yi ta cin gani har ya ƙare, shi kuwa shekara 40 ke nan da aka gano ta a jikinsa. Aka yi masa allurar gadon irin wannan furotin a ido ɗaya, aka ba shi wani tabarau mai mai da abin da ke gabansa ya zama walƙiyar haske. Bayan watanni na koyo, ya iya gane inda littafi yake a kan tebur, ya ƙirga kofuna, ya kuma ga fararen layukan tsallaka titi. Bai ga fuskar kowa ba, bai karanta rubutu ba. Duk da haka, wanda ya taɓa jan makaho da sanda ya san abin da wannan kaɗan ɗin yake nufi. Kafin a taɓa idon mutumin nan, an gwada dabarar a idanun birai.

Wannan sabon abu ne, amfaninsa bai kai ga jama'a ba tukuna. Amma bashin da ɗan Adam ya ci a wurin biri tsoho ne, wani sashensa ma a ƙasar nan aka ci shi. A 1927 Gidauniyar Rockefeller tana da hukumar binciken cutar shawara, mai hedkwata a Yaba ta Legas. A shekarar ne aka ɗibi jinin wani mutumin ƙasar da yanzu ake kira Gana, mai suna Asibi, aka sa wa birin Indiya, birin ya kamu, da haka aka kama ƙwayar cutar a karo na fari. Ɗaya daga cikin likitocin, Adrian Stokes, cutar ta kashe shi a Legas a cikin wannan shekara. Daga ƙwayar Asibi ne Max Theiler ya fitar da rigakafin shawara a 1937, wanda har yau ake yi wa jarirai a wata tara, ake kuma rubutawa a katin matafiya. Haka labarin shan inna yake. A jikin biri aka fara tabbatar da ƙwayar cutar a 1908, a ƙwayoyin ƙodar biri aka riƙa renon rigakafin, birai masu ɗimbin yawa kuma suka mutu a kan hanyar. Ranar da aka shelanta a 2020 cewa Nijeriya ta rabu da shan inna na daji, an yi godiya a majami'u, daidai ne kuwa. Uwar da ta buɗe bakin ɗanta aka ɗiga masa maganin nan tana da rabo a cikin abin da aka yi wa waɗancan birai, ko ta sani ko ba ta sani ba. Saboda haka babu wanda zai zauna a kujerar alƙali a wannan shari'a kamar shi baƙo ne a cikinta.

Amsar da ta fi saurin zuwa bakin masu bi ita ce, ai dabba dabba ce, Allah kuwa ya ba mutum mulki a kanta. Farawa 1:26-28 ta faɗi zancen mulkin, babu musu. Amma wanda ya tsaya a nan ya rufe littafin da wuri. A sura ta biyu, aikin da aka ba Adamu a gonar shi ne nomanta da kiyaye ta. Bayan ruwan tsufana, a Farawa 9, a wuri ɗaya aka halatta wa Nuhu cin nama, aka kuma ƙulla alkawarin bakan gizo da shi da dukan mai rai da ya fito daga jirgin. Shari'ar Musa ta sa sa da jaki a cikin masu hutun Asabar (Fitowa 23:12), ta hana a ɗaure bakin san da ke sussuka (Maimaitawar Shari'a 25:4), ta umarci mutum ya taimaki jakin maƙiyinsa in kaya sun danne shi (Fitowa 23:5). A Littafin Ƙidaya 22, mala'ikan Ubangiji ya tuhumi Bal'amu a kan dukan da ya yi wa jakarsa. Littafin Yunusa ma da ambaton dabbobin Nineba aka rufe shi, a cikin dalilan da suka sa Allah ya ji tausayin birnin. Karin Magana 12:10 kuwa ta mai da yadda mutum yake bi da dabbarsa ma'aunin adalcinsa. Mulkin da aka ba mutum irin na wakili ne. Makiyayin da aka ba kiwon shanun wani yana da iko a kansu, yana kora su, yana tatsa, amma ya san akwai ranar da mai shanu zai zo ya ƙirga.

Akwai kuma masu cewa a hana abin gaba ɗaya, ran biri da ran mutum duka rai ne. Tausayinsu abin girmamawa ne, amma Maganar Allah ba ta daidaita su biyun ba. Mutum kaɗai aka ce an yi cikin siffar Allah. Yesu da bakinsa ya fifita mutum a kan tunkiya sa'ad da ake gardamar warkarwa ran Asabar (Matiyu 12:11-12), ya kuma fifita almajiransa a kan tsuntsaye masu yawa. Sai dai a lura da yadda ya yi wannan fifikon. A Matiyu 10:29 gwara biyu ake sayarwa a kan ƙaramin tsaba ɗaya, a Luka 12:6 kuwa biyar a kan tsaba biyu. Kowace mace mai zuwa kasuwa ta gane lissafin: ta biyar ɗin gyara ce, ba a ma sa mata kuɗi ba. Ita wannan gyarar ce Yesu ya ce Allah bai manta da ita ba. Darajar mutum da ya koyar a kan darajar tsuntsun ya ɗora ta. In tsuntsun ba kome ba ne, fin sa ba abin ta'aziyya ba ne.

A nan ne maganar take da wuya, ba kuwa daidai ba ne a sauƙaƙa ta. Mai bincike ya zaɓi biri domin ya yi kama da mutum. Amma abin da ya sa ƙwaƙwalwarsa ta zama da amfani, shi ne kuma ya sa yake jin tsoro da kaɗaici da gajiya kusan yadda mutum yake ji. Ba shi yiwuwa a ce ya yi kama da mutum sa'ad da ake neman sakamako, sa'an nan a ce bai yi kama da mutum ba sa'ad da ake zancen wahalarsa. Marubucin nan Kirista na Ingila, C. S. Lewis, ya ƙi gwaji a kan dabbobi a wata maƙala ta 1947, tsoronsa kuwa shi ne, in fin ƙarfi da fin wayo suka zama hujja, hujjar ba za ta tsaya a kan dabba ba, za ta kai ga mutanen da ake ganin ba su kai ba. Mutanen Arewa ba sa bukatar a je da su nesa kafin su gane wannan tsoro. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta yi kisan, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Labarin yana da kaifi biyu. Yana nuna yadda marar baki yake da sauƙin zama kayan aiki. Yana kuma tuna wa mai cewa a daina gwaji a kan dabba cewa sabon magani dole a fara gwada shi a jikin wani, wanda zai fara karɓa kuwa ba ɗan mai kuɗi ba ne.

Saboda haka hukuncin da ya fi kusa da Littafi Mai Tsarki shi ne, abin ya halatta, amma irin halaccin bashi, wanda ake ci bisa larura, ake kuma tsammanin tambaya a kansa. Larurar kuwa sai ta yi nauyi daidai da wahalar. Masana sukan ce ba a san inda ilimi zai kai ba, su kawo misalin gansakukar nan, wadda aka yi ta bincike don son sani kawai, ga shi ta buɗe idon makaho. Gaskiyarsu, amma gansakuka ba ta jin ƙishi. Son sani ya isa dalilin leƙa ruwan tafki. Bai isa shi kaɗai ya zama dalilin kafe kan biri shekara uku ba, balle neman ƙarin girma a wurin aiki ko yawan takardun da aka buga.

Abin lura ne cewa masanan kansu, da yawansu ba masu bi ba, sun iso kusa da wannan matsayi. A 1959 William Russell da Rex Burch na Ingila suka shimfiɗa ƙa'idar da dokokin ƙasashe da yawa suke bi yanzu: inda akwai wata hanya, kada a taɓa dabba, inda babu, a rage yawansu iyakar iyawa, a kuma rage wahalar kowace ɗaya. Ƙa'idar ta yi aiki. Wajen shekarar 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa gwada lafiyar maganin shan inna a kan waɗansu ɓeraye na musamman a madadin birai. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta kusan rufe ƙofar gwaji a kan manyan birai marasa wutsiya, a 2015 kuma hukumar binciken lafiya ta Amurka ta daina ɗaukar nauyin irin wannan gwaji a kan cimfanzi. A fagen hasken nan ma, a 2020, ɗakunan bincike 45 suka haɗa sakamakon gwaje-gwaje fiye da 1,000 da suka yi a kan birai, suka buɗe wa kowa, har da waɗanda ba su yi nasara ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Masani ba ya son tallar faɗuwarsa, amma kowace faɗuwa da aka ɓoye, wani biri ne a wata ƙasa zai sāke biyan kuɗinta. Tarihin ikkilisiya ma yana da hannu a wannan tafiya. John Wesley ya yi wa'azi a 1781 a kan Romawa 8:19-22, yana koyar da cewa dabbobi suna cikin halittar da ke nishi tana jiran fansa. Ƙungiyar hana zaluntar dabbobi da aka kafa a Landan a 1824, wani fasto mai suna Arthur Broome ne ya kira taronta, William Wilberforce mai yaƙi da cinikin bayi kuma yana cikin waɗanda suka halarta.

Wani abu dabam yakan dami iyaye in 'ya'yansu suka kawo irin wannan labari daga makaranta. A 2016, a Jami'ar Kambirij, an haska ƙwayoyin da ke sa a ji daɗin lada a ƙwaƙwalwar biri, sai birin ya koma zaɓen hoton da aka haɗa da hasken. In fitila tana iya karkata zaɓi, ina ruhu, ina 'yancin nufi? Tambayar ba sabuwa ba ce, fitilar ce sabuwa. Kowa ya san ƙwarya biyu ta burkutu tana canza maganar dattijo, zazzaɓi mai zafi yana sa mai hankali sambatu, ba wanda ya ce don haka mutum ba shi da ruhu. Farawa 2:7 ba ta ɓoye cewa daga ƙurar ƙasa aka siffata mutum ba. Wanda ya gano yadda ƙurar take aiki bai ƙaryata wanda ya hura mata rai ba. Siffar Allah kuma ba wani lungu ba ne a ƙwaƙwalwa da za a nema a rasa a ta biri. Tana bayyana ne a cikin wannan: biri ba ya zama ya tambayi kansa ko abin da ya yi wa ɗan tsako daidai ne, mutum kuwa ba shi da hutu sai ya tambaya.

Tambayar kuwa ba ta tsaya a ƙofar ɗakunan binciken Turai ba. Wanda ya bi hanyar Bali zuwa Serti ya iso bakin gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a Nijeriya, wanda aka kafa a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Taraba. A cikinsa akwai gwaggon biri da kirka da jan biri da waɗansu irin, akwai kuma cimfanzi, wanda mutanen yankin suke kira biri mai ganga saboda yadda yake dukan saiwar manyan itatuwa har amon ya ratsa daji. Irin na Gashaka a Nijeriya da Kamaru kaɗai ake samunsa, waɗanda suka rage a duniya kuwa ba su kai 10,000 ba. Tun shekarar 2000, ƙarƙashin jagorancin Volker Sommer na wata jami'a a Landan, masana na waje da na gida, tare da mutanen ƙauyukan da suka san dajin, suka yi shekaru suna bin biran nan da ƙafa a wajen Kwano. Ba su huda kan ko ɗaya ba. Sun gano, alal misali, cewa biri mai ganga na Gashaka yana gyara tsinke ya ɗebi zuma da kwarkwasa, amma ba ya cin gara, alhali 'yan'uwansa na waɗansu ƙasashe suna cinta. Irin wannan bincike ba zai warkar da makaho ba, tambayarsa dabam ce. Amma ya nuna wa duniya wane irin maƙwabci ne mutanen Taraba suke da shi.

Shi wannan maƙwabci, abin da yake kashe shi ba allurar masana ba ce. Tarkon waya ne, da bindigar mafarauci, da saran daji irin wanda aka yi wa madobiya a jihar nan a tsakiyar shekarun 2010. Birin ɗakin bincike, duk da wahalarsa, yana da likitan dabbobi, da maganin barci, da kwamitin da zai tambayi dalili. Wanda wayar tarko ta kama a ƙafa yakan kwana biyu ko uku yana ja kafin a zo. Ɗan birin da ake gani ɗaure da igiya a tsakar gida ko a tasha, yara suna tsokanarsa da kara, galibi sai da aka harbe uwarsa aka ɓamɓare shi daga jikinta. Babu makahon da zai gani saboda wannan.

A yi adalci ga manomi. Wanda garken gwaggon biri ya shiga masararsa ana saura mako biyu girbi, ya yi asarar abincin iyalinsa, ba kuwa za a yi masa wa'azin tausayi daga kan kujera a Jalingo ba. Tsare gona larura ce, ma'aunin da aka ɗora wa masani shi za a ɗora masa: in kora da gadi za su isa, kada a kai ga kisa, in sai an kashe, kada a bar dabbar tana jan rai, kada kuma a zuba gubar da za ta ci mai laifi da marar laifi. Amma mai sayen ɗan biri don nishaɗin yara, da mai neman naman biri mai ganga, wanda dokar ƙasa ta 1985 ta hana farautarsa, ba su da hujjar manomi, ba su kuma da ta likita.

'Ya'yan ikkilisiya da yawa suna karatun kimiyyar halittu da aikin jinya da likitanci, a Jami'ar Jihar Taraba da sauran makarantu. Kafin ɗayansu ya ga biri a ɗakin gwaji, zai riƙe ɓera ko zomo ko kwaɗo a hannunsa domin aikin kammala digiri. Waɗansunsu wata rana su ne za su zauna a kwamitin da zai sa hannu ko ya ƙi. Iyaye da fastoci da suka tambaye su sakamakon jarrabawa suna iya ƙara tambayarsu dabba nawa aikin ya ci, ko da ƙasa da haka zai yiwu, da kuma ko an sa mata maganin barci kafin a sa wuƙa.